Tambaya da Amsa: Zagayen Cape Town da Karoo a Motar Haya

A wannan fitowar mun tattara wasiƙun da suka shafi tafiya a motar haya a lardin Western Cape na Afirka ta Kudu, inda gonakin inabi da tsaunuka da busasshiyar ƙasar Karoo suke maƙwabtaka da juna. Wasu wasiƙun mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, nakan je Johannesburg lokaci zuwa lokaci, amma ban taɓa wuce masauki da kasuwa ba. A wannan karon ina so in tafi da uwargida da babban ɗanmu, mu ɗauki hayar mota a Cape Town, mu zaga da kanmu na tsawon mako guda, mu ga duwatsu da hamadar da ake ba da labari. Wace hanya za mu bi, kuma ƙaramar mota za ta iya, ko kuwa dole sai jif?
*Wani Alhaji daga Kano*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Mako guda ya isa a yi zagaye ɗaya mai kyau na kusan kilomita 1,000, muddin ba ka ɗora wa kanka ganin komai ba. Daga Cape Town ka nufi Stellenbosch, tafiyar kilomita 50 ko kusa da haka, sannan Franschhoek, ka hau mashigin dutsen da ke bayan garin ka sauka ta gefen madatsar ruwan Theewaterskloof, wadda ta kusa ƙafewa a farkon 2018 lokacin da fari ya kusa hana birnin Cape Town ruwan famfo. Daga nan sai Worcester da Robertson, ka ratsa kwazazzabon Cogmanskloof inda hanya ta huda dutse ta wuce, ka shiga Montagu. A nan ne hanyar da ake kira R62 take ɗaukar ka zuwa gabas, ta Barrydale da Ladismith da Calitzdorp har Oudtshoorn, kana tafe kana ganin yadda kore yake ja da baya, ƙasa tana yin ja, tsirrai suna gajarta. Nisan Cape Town da Oudtshoorn ta wannan hanyar ya yi kusa da nisan Kano da Abuja, kuma duk kwalta ce mai kyau.

Oudtshoorn garin jimina ne. Arzikinsa na farko gashin jimina ne ya kawo shi, lokacin da matan Turai suke ado da shi a huluna, kuma kasuwar ta rushe a 1914, ta bar manyan gidajen dutse da attajiran wancan zamanin suka gina. Har yau ana kiwon jimina a can saboda nama da fata. Kogunan Cango suna arewa da garin da kamar kilomita 30, kuma hanyarsu ce take kai ka gindin tsaunin Swartberg, wanda shi ne ƙashin bayan wannan tafiyar. Idan ka ƙetare shi ka sauka a ƙauyen Prince Albert, ka shiga Babbar Karoo ke nan. Daga can sai ka fita babbar hanyar N1, ka juyo yamma ta Laingsburg da Matjiesfontein da kwarin Hex River, ka bi ramin Huguenot, inda hanya ta huda dutse, mai tsawon kilomita 3.9 da aka buɗe a 1988, ka faɗo Paarl, ka koma Cape Town. Ana biyan kuɗin wucewa a ramin, don haka ka riƙe 'yan kuɗin rand a hannu.

Game da mota, ƙaramar mota mai lafiya za ta yi dukan wannan zagayen, kuma kuɗin da za ka kashe a kan jif ya fi kyau ka ƙara shi a kan inshora. Wuri guda ne kawai yake buƙatar tunani, shi ne mashigin Swartberg. Hanyar burji ce ta kimanin kilomita 27, injiniya Thomas Bain ne ya gina ta da fursunoni, aka buɗe ta a 1888, kuma ƙololuwarta ta haura mita 1,500 daga doron teku. Katangun duwatsun da ke riƙe da kwanoninta an jera su ne ba tare da siminti ba, kuma suna nan tsaye har yanzu. A wasu wuraren hanyar ba ta wuce faɗin mota ɗaya da rabi ba, dutse a gefe guda, rami a ɗaya gefen. Idan ƙasa a bushe take, ƙananan motoci suna hawa kullum, sai dai a giya ta ɗaya da ta biyu, ba gaggawa, kuma a gangara injin ne zai riƙe motar, domin wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama zai ji warin ƙonewa kafin ya kai ƙasa. Ka ware mata sa'a ɗaya da rabi ko biyu, ka hau da safe, kuma ka tambayi mai masaukinka halin da take ciki, saboda akan rufe ta bayan ruwa mai yawa ko dusar ƙanƙara. Idan an rufe ta, ko kuma uwargida ba ta son tsayi, akwai Meiringspoort a gabas, hanyar kwalta da ke bin ƙasan kwazazzabo tana tsallake kogi guda sau 25, sai ku ɓullo ta Klaarstroom ku isa Prince Albert. Kusa da ƙololuwar Swartberg za ka ga wata hanya ta ɓalle zuwa Gamkaskloof. Wannan kam ka bar ta, ba ta motar haya ba ce.

Shawara ta ƙarshe a kan wannan, kada ka karɓi mota a daren da kuka sauka daga jirgi. Ku shiga tasi zuwa masauki, ku huta, ku ga birnin, sannan ka karɓi motar da safiyar ranar da za ku fita.

Tambaya: Na duba farashin hayar mota a intanet, na ga yana da sauƙi ƙwarai, amma wani abokina ya ce a ƙarshe an cire masa kusan ninkin abin da ya gani. Ina kuɗin suke shiga, kuma waɗanne takardu ake buƙata?
*Wani ma'aikacin banki daga Kaduna*

Amsa: Malam, abin da abokinka ya faɗa yana faruwa, kuma yawanci ba zamba ba ce, rashin karanta takardar yarjejeniya ne. Farashin da kake gani a shafin farko kuɗin motar ne tare da inshora mafi ƙaranci, wadda ta bar maka wani kaso mai nauyi da za ka biya daga aljihunka idan motar ta samu rauni ko aka sace ta. Kamfanin yakan riƙe wannan adadin, ko wani ɓangare nasa, a kan katinka tun ranar da ka karɓi makulli, kuma ba ya sakinsa sai bayan ka mayar da motar, wani lokaci da kwanaki. Akwai inshora mai tsada da ke rage wannan kason sosai, kuma ga baƙon da bai saba tuƙi a hannun hagu ba, ina ganin ta cancanci kuɗinta.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne abin da inshorar ba ta rufe ba ko da ka biya mai tsadar. Taya da gilashin gaba yawanci sai an saya musu kariya ta daban, alhali kuwa su ne tsakuwa ta fi yi wa ɓarna. Ƙarƙashin mota da lalacewar da ruwa ya jawo galibi ba sa ciki sam. Wasu kamfanonin ma sun rubuta cewa duk abin da ya samu motar a hanyar da ba kwalta ba, nauyinka ne gaba ɗaya. Saboda haka idan kana da niyyar hawa Swartberg, ka ambaci sunan hanyar ga ma'aikacin kanta, ka nemi ya nuna maka layin da ya yi magana a kan hanyar burji, kada ka wadatu da cewa ya ce ba komai. Haka kuma ka duba ko an ƙayyade maka kilomita. Da yawa daga cikin farashin masu rahusa suna ba da kilomita 200 a rana, abin da ya haura a caje ka a kan kowace kilomita, kuma a ranar da za ka taso daga Prince Albert zuwa Cape Town kaɗai za ka ci kusan ninkin wannan. Wasu kamfanonin suna haɗa kilomitocin dukan kwanakin su yi lissafi a dunƙule, to ka tabbatar da wanne ne naka, ko ka nemi wanda ba shi da iyaka. Sai ƙananan caji da suke taruwa: direba na biyu, direba mai ƙarancin shekaru, mayar da mota a wani gari daban, kuɗin ɗawainiya a kan kowace takardar tara da ta biyo bayanka, da kuma man da suka cika da farashinsu idan ka dawo da tanki ba a cike ba.

Kafin ka tayar da motar, ka zagaye ta da wayarka kana ɗaukar bidiyo, har da rim da rufi da gilashi, ka sa a rubuta kowane ƙarce a takarda. Ka buɗe but ka ga safaya da idonka, ka taɓa ta ka ji akwai iska, ka tabbatar da jak da sifanar kwance taya suna nan.

Takardu kuwa, dokar ƙasar ta amince da lasin baƙo idan yana da hoto da sa hannu kuma an rubuta shi da ɗaya daga cikin harsunan hukuma, wanda Ingilishi yana cikinsu. Lasin Najeriya da na Ghana sun shiga wannan sahun, amma wanda lasinsa yake da Faransanci ko Larabci sai ya haɗa da lasin ƙasa da ƙasa, kuma ko mai na Ingilishin zai fi samun kwanciyar hankali idan ya yanki na ƙasa da ƙasan tun daga gida, domin wasu kamfanonin suna nemansa. Babbar matsalar mutanenmu ita ce kati. Yawancin kamfanonin suna son katin kiredit mai ɗauke da sunan direban, kuma katin naira na cire kuɗi ba lallai ya yi aiki ba. Ka rubuta wa kamfanin tun kafin ka sayi tikitin jirgi, ka faɗa musu irin katin da kake da shi, ka ajiye amsarsu. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, kuma za a nemi katin rigakafin shawara a filin jirgi.

Tambaya: Shekarata ashirin ina tuƙi, amma ban taɓa tuƙi a hannun hagu ba. Shin abu ne da mutum zai saba da shi a kwana ɗaya?
*Wata malamar makaranta daga Jos*

Amsa: Malama, dattawanmu da suka yi tuƙi kafin watan Afrilun 1972, lokacin da Najeriya ta koma hannun dama, za su gaya miki cewa hannu yana sabawa da wuri. A cikin cunkoso ba a cika yin kuskure ba, domin motar gabanki tana nuna miki hanya. Haɗarin yana zuwa ne idan hanya ta zama fayau: kin tsaya gidan mai ko kin sauka ɗaukar hoto, kin dawo kin tayar da mota, babu kowa gaba babu kowa baya, sai hannu ya kai ki gefen da ya saba. Ki riƙe ƙa'ida guda, cewa direba shi ne yake kusa da layin tsakiyar hanya a kowane lokaci, kuma ki ɗora wa wanda ke zaune gefenki aikin tunatar da ke duk lokacin da za ki hau titi. Ki nemi mota atomatik ko da ta fi tsada, saboda yawancin masu rahusar na giyar hannu ne, kuma canza giya da hannun hagu a kan dutse ƙarin aiki ne da ba ki buƙata. A kwanan farko za ki kunna waifa sau da yawa kina nufin sigina, wannan ba abin damuwa ba ne.

A shataletale ana zagayawa ne yadda hannun agogo yake tafiya, kuma wanda ya fito daga damanki shi ne da hanya. Akwai mararraba masu alamar tsayawa a dukan kusurwoyi huɗu, inda kowa yake tsayawa cak, wanda ya riga isowa ya riga wucewa, kuma haka ake yi idan danja ta mutu. Mutanen can suna kiran danja robot, don haka kada ki ruɗe idan mai kwatance ya ce ki juya a robot na biyu. Iyakar gudu ita ce kilomita 60 a cikin gari, 100 a hanyoyin karkara, 120 a manyan hanyoyi, sai inda allo ya nuna wani abu daban. A kan N1 tsakanin Touws River da Laingsburg da Beaufort West akwai kyamarorin da ke lissafa lokacin da mota ta ɗauka daga wannan wuri zuwa wancan, saboda haka taka birki a gaban kyamara ba ya ceton kowa. Za ki ga tirela ta matsa bayan layin rawaya na gefen hanya don ki wuce, kuma al'ada ce ki kunna fitilun haɗari sau biyu ko uku a matsayin godiya. Ke kuma ba dole ba ne ki matsa wa wani, musamman a kwana ko kan tudu inda ba kya ganin abin da ke gaba. Idan jami'i ya tsayar da ke, tara a rubuce take, ba a biyan ta a hannunsa.

Tambaya: Ina jin nauyin wannan tafiyar saboda an ce yankin Stellenbosch da Franschhoek gonakin barasa ne. Shin ya dace Musulmi ya je yawon buɗe ido a irin wannan wuri? Kuma yaya batun abinci da salla?
*Wata Hajiya daga Zinder*

Amsa: Hajiya, hukuncin shari'a na malamai ne, kuma ina ba ki shawarar ki kai wa malaminki tambayar. Abin da zan iya yi shi ne in bayyana miki yadda wurin yake, domin fatawa ta sauka a kan abin da yake zahiri. Gaskiya ne tattalin arzikin yankin a kan barasar inabi ya ginu. Turawan Holand sun sauka a Cape a 1652, aka matse inabin farko a 1659, gwamna Simon van der Stel ya kafa Stellenbosch a 1679, sannan a 1688 Faransawa 'yan Furotesta da suka gudo daga tsangwamar addini suka zauna a kwarin da ya zama Franschhoek. Yawancin gonakin suna da ɗakin ɗanɗana barasa, kuma shi ne babban abin da ke jawo Turawa. Sai dai hanyar da ke ratsa kwarin hanyar kowa ce, garuruwan garuruwa ne masu makarantu da asibitoci da kasuwanni, kuma mutum yana iya yin kwana biyu a can yana kallon duwatsu da tsofaffin gine-gine da lambuna bai zauna a teburin da ake sha ba. A ra'ayina nan ne iyakar take: ki wuce ta gonakin, ki tsaya inda ake sayar da 'ya'yan itace da zaitun da cuku, ki bar ɗakin ɗanɗano da motocin yawon da aka shirya domin sha. Ba kuma dukan inabin ne ake matsewa ba. Kwarin Hex River da za ki ratsa a hanyar dawowa na inabin ci ne da ake fitarwa ƙasashen waje, Montagu kuma ta shahara da busassun 'ya'yan itace.

Akwai abin da takardun talla ba sa yawan faɗa, kuma ya kamata ki sani. Bayi ne suka noma waɗannan gonakin, waɗanda aka kwaso daga tsibiran Indonesiya da Indiya da Madagaska da Mozambik, kuma daga cikinsu da kuma fursunonin siyasa da Holand ta koro daga gabas ne Musulunci ya kafu a Cape. Shehu Yusuf na Makassar, malamin da ya yaƙi Turawan Holand, an kawo shi gudun dole a 1694, aka ajiye shi a gonar Zandvliet kusa da bakin kogin Eerste, wato kogin da ya ratso ta Stellenbosch, kuma a can ya rasu a 1699. Wurin yanzu Macassar ake kiransa, hubbarensa yana nan ana ziyarta, kuma ba shi da nisa da hanyar da za ki bi daga filin jirgi zuwa Stellenbosch. Wani malamin da ake kira Tuan Guru, daga tsibirin Tidore, an ɗaure shi a tsibirin Robben, ya rubuta Alƙur'ani da ka a cikin kurkuku, kuma bayan sakinsa ya zama limamin masallacin Auwal da aka kafa a 1794 a unguwar Bo-Kaap, masallaci na farko a ƙasar. An soke bauta a 1834, amma a gonakin aka ci gaba da biyan leburori wani ɓangare na ladansu da barasa. Doka ta hana wannan tun shekarun 1960, bai kuwa mutu nan take ba, kuma har yau illarsa tana bayyana a yawan jariran da ake haifa da nakasar da shan uwa ke jawowa a garuruwan gonakin. Wanda ya san wannan tarihin zai kalli fararen gidajen nan masu kyau da ido biyu.

Abinci a Cape Town ba matsala ba ne ko kaɗan, domin gidajen abinci na halal suna ko'ina, kuma za ki ga takardar shaidar hukumomin tantance halal irin su MJC da SANHA a manne a bango ko a jikin kaya. Akwai masallatai a Stellenbosch da Paarl da Worcester. Daga Montagu zuwa gaba ne abin yake raguwa, saboda haka ki yi guzuri. Ki sayi nama daga mahautan halal a Cape Town ko Worcester, ki zuba a kula da ƙanƙara, ki kama masauki mai kicin, wanda irinsa ya yi yawa a can kuma ya fi otal sauƙi ga iyali. A gidajen abincin yankin inabi ki riƙa tambaya ko an sa barasa a miya, domin suna yawan yin girki da ita.

Game da salla, abin da zai fi ba ki mamaki shi ne alƙibla. Mu mun saba da fuskantar gabas, amma daga Cape Town alƙibla tana arewa ne, ta ɗan karkata zuwa gabas, kuma da tsakar rana inuwa kudu take faɗuwa. Ki sauke manhajar alƙibla da lokutan salla a wayarki tun kina da sabis. A watan Disamba alfijir yana ketowa wajen ƙarfe huɗu, magariba kuma sai wajen takwas na dare. Yawancin Musulmin Cape mabiya mazhabar Shafi'i ne, don haka za ki ji liman ya bayyana bisimilla a Fatiha, kuma a asuba ya yi ƙunutu a bayyane bayan ruku'u, jama'a sun ɗaga hannu suna amsawa da amin.

Tambaya: Hotunan da na gani na Karoo ban ga tudun yashi ba. To ina hamadar? Kuma wane shiri ake yi mata?
*Wani ɗalibi daga Maiduguri*

Amsa: Ɗana, ka lura daidai. Karoo busasshiyar ƙasa ce ta tsakuwa da gajerun tsirrai da tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, inda ake kiwon tumaki a manyan gonaki masu shingen waya, kuma injin iska yana jawo ruwa daga rijiya. Wanda yake son tudun yashi sai ya bi babbar hanyar N7 zuwa arewa, tafiyar kusan kilomita 700 kafin ma ya kai iyakar Namibiya, kuma wannan yana buƙatar takardar izinin ƙetare iyaka daga kamfanin hayar, da ƙarin kuɗi, da binciken sharuɗɗan shiga Namibiya daban. Ba tafiyar mako guda ba ce.

Rashin yashi bai sa Karoo ta zama wasa ba. Garuruwa suna da nisa da juna, sabis yana ɗaukewa da zarar ka bar babbar hanya, kuma a ƙananan garuruwa gidan mai yana iya rufewa da dare. Ka cika tanki duk lokacin da ya sauka rabi, kuma gwamnati ce take ƙayyade farashin fetur, don haka jiran gidan mai mai rahusa ɓata lokaci ne. Ma'aikaci ne yake zuba maka mai, ya goge gilashi, ya duba iska idan ka nema, kuma akan ba shi ɗan ihsani. Ka ɗauki ruwan sha fiye da abin da kake zato, ka sauke taswira a waya, ka gaya wa masaukin da za ka sauka lokacin da kake sa ran isowa. Kada ka yi tuƙin dare. Akwai wata dabba mai girman gwanki da suke kira kudu, tana tsallake shinge ta faɗo hanya da magariba da asuba, kuma karo da ita ya kashe mutane. A hanyar burji ka rage gudu sosai, ka ƙara ragewa idan mota tana tahowa saboda tsakuwar da take watsowa. Hanyar R355 tsakanin Ceres da Calvinia, mai kimanin kilomita 250 ba gidan mai, ta yi suna wajen cin taya, kuma ba wurin mai safaya ɗaya ba ce. Sannan ka ji tsoron ruwa a busasshiyar ƙasa, domin a watan Janairun 1981 ambaliyar kogin Buffels ta share yawancin garin Laingsburg, ta kashe fiye da mutum 100. Idan ka tarar ruwa yana gudu a kan gada, ka jira.

Tambaya: Muna jin labarin fashi da kuma ƙyamar baƙi a Afirka ta Kudu. Shin ɗan Najeriya zai iya yawo da iyalinsa a mota hankali kwance?
*Wani likita daga Sakkwato*

Amsa: Likita, labarin yana da tushe. An kai wa baƙi 'yan Afirka hare-hare a 2008 da 2015 da 2019, kuma a na 2019 har sai da aka kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya da jirgi. Waɗannan tarzomomi sun fi aukuwa a unguwannin talakawa na manyan birane, a kan masu shaguna da masu neman aiki, kuma garuruwan da ke kan wannan zagayen ba su ne cibiyarsu ba. Abin da ya fi shafar matafiyi shi ne laifin yau da kullum. Kada a bar jaka ko waya ko jaket a kan kujera, ko ana tafe ko an yi fakin, saboda fasa gilashi a danja a fizge kaya sananne ne. Bayan ka danna rimot ka ja murfin da hannu ka tabbatar ya kulle, domin akwai masu na'urar da ke toshe siginar rimot. A kusa da filin jirgin Cape Town ka tsaya a kan babbar hanya, kada ka bi gajeriyar hanyar da taswirar waya ta nuna maka ta cikin unguwanni, domin a 2023 an kai wa baƙi hari a irin wannan kuskuren a yankin Nyanga, har da asarar rai. Kada ka tsaya wa mai neman a rage masa hanya, kuma kada ka karɓi taimakon kowa a na'urar cire kuɗi. Masu gadin mota sanye da riga mai ƙyalli suna nan a kusan kowane wurin fakin, 'yan rand kaɗan ake ba su idan an dawo. Lambar gaggawa daga wayar hannu ita ce 112, ta 'yan sanda kuma 10111. Ka riƙe fasfo da biza a jikinka. A kan mashigan duwatsu kuwa ɓarayin da za ka fi haɗuwa da su gwaggon birai ne, waɗanda sun iya buɗe murfin mota, don haka a rufe gilashi, kuma kada yara su ba su abinci.

Tambaya: Wane wata ne ya fi dacewa?
*Wata mai karatu daga Kumasi*

Amsa: 'Yar'uwa, yanayinsu a juye yake da na arewacin duniya. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi ne, kuma a Karoo yakan haura digiri 40, ga shi daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu hutun makarantu ne, masauki yana tsada, motocin haya suna ƙarewa, N1 kuma tana cika da motocin masu tafiya gida. Daga Yuni zuwa Agusta sanyi ne da ruwan sama a yankin Cape, dusar ƙanƙara tana sauka a kan Swartberg, kuma daren Karoo yana sauka ƙasa da sifili. Ni zan zaɓi Maris ko Afrilu, lokacin da ake ƙarasa girbin inabi kuma zafi ya karye, amma a kauce wa hutun Ista, ko kuma daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ƙasa take kore. Yankin ba shi da zazzaɓin cizon sauro. Ko a wane wata kika je, ki sa rigar sanyi mai kauri a but, domin iskar ƙololuwar Swartberg ba ta bin kalanda. Tun watan Nuwamban 2023 masu fasfon Ghana suna shiga Afirka ta Kudu ba biza na tsawon kwana 90 a shekara, amma ki sake tabbatar da hakan a ofishin jakadancinsu kafin ki biya kuɗin jirgi.